Wasiƙa daga bakin ruwan Ada

Mutumina, salamu alaikum. Ya gida, ya Nguru, ya su Hajiya? Ka yi haƙuri da shiruna, aiki ne ya sha kaina.

Asabar ɗin nan da ta wuce na bar unguwar Nima a Akara tun asuba, na hau tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Ada Foah, inda kogin Volta ke zubawa cikin teku, kuma wallahi tun da na sauka kai nake ta tunawa, don da kana nan da ba ka yarda mun dawo ba sai magariba. Yanzu ne lokacin tsuntsaye ai, daga Satumba zuwa Nuwamba tsuntsayen Turai ke sauka gaɓar nan suna gudun sanyin can, kamar dai yadda suke cika fadamar Haɗeja da Dagona in hunturu ya kama.

Wani masunci ne ya tsallaka da ni a kwalekwale zuwa kan yashi, ruwa ya ja baya laka ta fito. Na ga zalɓe, na ga balbela, waɗannan na gida ne. Sai wani mai dogon baki lanƙwasasshe da ya zura shi cikin rami ya zaro ƙaguwa, ya girgiza ta har ƙafafunta suka zube sannan ya haɗiye.

Amma wanda ya tsaya min a rai wani ɗan mitsitsi ne fari-fari, sandalin ake ce masa, bai fi giram 60 ba. In igiyar ruwa ta koma sai ya bi ta a guje yana caccakar yashi, in ta dawo ya arce, ƙafafun nan kamar keken ɗinki. Da na saita madubin hangen nesa sai ga zobba masu launi a ƙafar ɗaya, irin wanda masu bincike ke saka musu. Irinsu har a Girinlan suke ƙyanƙyasa fa, can ƙasar ƙanƙara! Na daɗe a tsugune ina tasbihi.

Abin da ya dame ni shi ne leda da robobi ko'ina, ga teku na ta cin gaɓa, alhali tafkin Songor da ke kusa tun 1992 aka sa shi cikin wuraren Ramsar, wato fadamun da duniya ta amince a kare su.

Ka daure ka zo kafin Maris su koma, ɗaki na nan. Ka faɗa min ko shamuwa ta tafi a wajenku. A gaida mutan gida.

Naka, daga Akara.