Ta'aziyyar kakarmu da ta rasu a Maiwurno ta ƙasar Sudan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi wa kakata, mahaifiyar babana, abin da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya hana mu yi mata. Allah ya yi mata rasuwa a daminar 2024 a garin Maiwurno, wanda yake bakin kogin Nilu kudu da Sinnar, a lokacin da hanyoyi suke a datse, waya kuma sai an yi sa'a take shiga. Matar da ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, waɗanda suka sallaci gawarta ba su cika sahu biyu ba, kuma ba a yi zaman makoki ba, saboda 'ya'yanta da jikokinta sun watse, wasu suna Gadarif, wasu Kasala, wasu sun tsallaka Masar. Ni kaina sai bayan kwana goma sha ɗaya labarin ya iske ni a Bur Sudan.

Mai karatu a Najeriya zai iya tambaya, me ya kai tsohuwa Bahaushiya bakin Nilu? Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a suna ta bin sa gari bayan gari, har aka tare su a Burmi, ta jihar Gombe a yau, inda ya yi shahada a cikin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, kuma sunansa ne garinmu ya ɗauka. Mahaifiyar kakata tana cikin wannan ayari tana 'yar ƙanƙanuwa, daga wani ƙauye na ƙasar Misau. Niyyar iyayenta Makka ce, amma guzuri ya ƙare, aka tsaya noma, aka yi aure, aka haihu. Mahaifin kakata ya yi leburanci a ginin madatsar ruwa ta Sinnar da aka kammala a 1925, kakar tawa kuma ta yi tsinkar auduga a gonakin Jazira tun tana budurwa.

Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in ta fara ba da labarin ƙauyen uwarta sai ka rantse jiya ta baro shi. Ta san rijiyar da take ƙarƙashin tsamiya, ta san marinar da take bayan masallaci, ta san sunan kishiyar kakarta da abin da ya haɗa su faɗa. Ta san kuma asalin kusan kowane gida a unguwarmu, wane Bakano ne, wane Bakatsine, wane kakansa Bafillace ne da ya auri Babarbariya a hanya, har ta kai in za a yi baiko dattawa sukan aiko a tambaye ta kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.

Mu jikokinta da Larabci muka tashi, shi ne harshen makaranta da kasuwa, kuma kamar sauran yaran Sudan muna kiran ta Habboba. Sunan kam ta yarda da shi, amma daga nan ba ta ƙara ko taku ɗaya ba. In ka shigo da ƙishirwa ka ce mata kana son moya, sai ta ci gaba da gasa bunnin jabanarta, wato 'ya'yan gahawa, a kan garwashi kamar kurma, tana juya shi a ɗan kasko har ƙamshi ya cika rumfar. Sai ka gaji ka ce, "Kaka, ruwa nake so," sannan ta ɗago kai ta ce, "Ashe da baki a gidanku," ta nuna maka randa da haɓa. A lokacin muna ganin tsanani ne. Yau da wannan Hausa tata nake rubuto muku, kuma in kun ga wata kalma da ta tsufa a wurinku, ku yi mini uzuri, yadda aka fito da ita daga gida haka ta ajiye mana ita.

Sana'arta ungozomanci ne, kuma ba ta san dare ba. Na sha farkawa in ji ana buga ƙofa, in ga ta yafa tobinta, ta ɗauki fitila da ƙaramin akwatin ƙarfe da take ajiye reza sabuwa da zare da sabulu, ta bi bayan wani magidanci da ya rikice. Abin da na fi girmama ta da shi shi ne sanin iyakarta. In naƙuda ta yi tsawo ko jini ya ɓalle, ba ta tsayawa jiƙe-jiƙe, sai ta ce a nemo mota a tafi asibitin Sinnar, kuma ta sha faɗa da surukai mata a kan haka. Ladanta kuwa abin da aka samu ne, wani lokaci mudun dawa, wani lokaci sukari, sau da yawa addu'a kawai. Ba zan ce ba ta da aibu ba: tana da zafin baki, kuma mai jegon da ta yi ƙyuyar wanka ko shan kunun kanwa takan ji a jikinta.

Da rikici ya ɓarke a yankin Damazin da Rusairis a 2022, Hausawa da yawa suka baro gidajensu, sai ga mata uku da 'ya'yansu a tsakar gidanta, ba dangin iya ba na baba. Ta tambayi kowacce sunan kakanta, ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce ai duk 'yan gida ne. Ƙarfinta ya riga ya ƙare a lokacin, amma daga kan gadonta na igiya take ba da umarni, a dama godogodo da safe, a yi kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa da rana, kada a bar yaro ya kwana da yunwa. Wata biyar suka yi a wurinta.

Akwai abin da yake ci mini rai, kuma shi ne babban dalilin wannan wasiƙa. A wannan shekara ta 2022 na zauna da ita dare huɗu ina ɗaukar muryarta a waya, tana jero sunayen zangon da ayarin uwarta ya yada da waƙoƙin daka da na reno. Na yi ta cewa zan kwafe su a takarda, ban yi ba. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, kuma Wad Madani inda nake aiki ta faɗi a watan Disamba, sai muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, a wani shinge kuma masu bindiga suka karɓe wayar. Kuɗin waya ba su dame ni ba. Sakacina ne ya jawo, domin shekara guda cur ina da alƙalami da takarda.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko ga jaridarka da malaman tarihi na jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya: akwai sauran tsofaffi irinta a Maiwurno da Gadarif da ƙauyukan Jazira, da yawansu yaƙi ya kai su zaman gudun hijira a makarantu da gidajen dangi, kuma ya kamata a je a saurare su tun suna da rai. Na biyu ga masu karatu na ƙasar Misau da Gombe, musamman gidajen da aka san wasu nasu sun bi Sarkin Musulmi gabas ba su dawo ba. Wataƙila kakata 'yar'uwarku ce. Ina roƙon ku sa ta a addu'a bayan sallar Juma'a, Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta, ya kuma kawo mana ƙarshen wannan fitina mu koma mu ga kabarinta.

Wassalam.

Naku,
Ɗaya daga cikin jikokinta,
Bur Sudan.