Rahoton Sakatare na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata, ga abin da ƙungiyarmu ta mazauna Jidda da Makka a Saudiyya ta yi daga Janairu zuwa Disamba. Shugaba da ma'aji sun duba rahoton kafin in saka shi a zaurenmu na WhatsApp. Mai tambaya a kan kuɗi ya zo da ita taro, littafi a buɗe yake.

Zaman wata-wata ya gudana kamar yadda aka saba, ban da Ramadan da watan aikin Hajji. Dubiya, ta'aziyya, suna da ɗaurin aure, duk wanda aka sanar da mu mun je.

Zan fara da kuɗin wata, domin kusan duk abin da za ku ji bai yiwu ba daga nan ya samo asali. Waɗanda suka biya shekara cif ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Akwai waɗanda rabonsu da biya tun kafin ƙaramar sallah, akwai kuma waɗanda tun da suka cike fom ba mu ga ko halala ɗaya daga hannunsu ba, amma su ne kan gaba wajen tambayar me ya sa ba a yi kaza ba. Na san halin da ake ciki. Mai iyali a kan iƙamarsa, wato takardar izinin zama, yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya, ga haya, ga na gida suna jira, wasu kuma aiki ya tsaya musu. Duk wanda ya zo ya faɗa mana haka mun ɗaga masa ƙafa ba tare da kowa ya ji ba. Wanda ya gajiyar da ni shi ne wanda zai ga saƙo, alama ta nuna ya karanta, ya yi gum, in kun haɗu a masallaci ya ce gobe in sha Allah, a kwana a tashi shiru. Ni ba albashi ake biya na ba. Da yamma nake tasowa daga aiki kamar kowa, kuma bin magidanta bashin riyal 20 ba ya cikin abin da kuka zaɓe ni in yi.

Ajin koyar da yara karatun Hausa na ranar Asabar ya tsaya bayan Hajji, kuma na ji ana cewa kwamiti ne ya yi sakaci. Ba haka ba ne. Ɗaki kyauta muka samu a gidan ɗaya daga cikin iyayenmu, Allah ya saka masa. Malamar kuwa daga nesa take zuwa, kuɗin mota kawai ta nema, shi ma muka kasa ba ta a kan lokaci, har kunya ta hana mu sake kiranta. Iyayen da suka fi kukan 'ya'yansu sun tashi ba sa iya rubuta wa kakanninsu saƙo da Hausa, da yawansu suna cikin waɗanda ba su biya ba.

Sai maganar Sudan, wadda aka fi yi mana ƙorafi a kanta. Da garin Sinja ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a ƙarshen Yuni, 'yan'uwanmu masu dangi a Maiurno da ƙauyukan jihar Sennar sun shiga tashin hankali, wasu sun daɗe ba su ji ɗuriyar iyayensu ba. Aka matsa mana mu buɗe asusun neman taimako a fili, mu kuma fitar da sanarwa mai zafi. Kwamiti ya ƙi, kuma har yau yana kan bakansa. Dokar ƙasar nan ta hana tara gudummawar jama'a ba tare da izini ba, mu kuma ba mu da wannan izini. Hanyar da hukuma ta buɗe ita ce manhajar Sahem ta Cibiyar Agaji ta Sarki Salman, can muka tura masu niyya. Sanarwa kuwa ba za ta tsayar da harsashi ko ɗaya a Sinja ba, amma tana iya raba magidanci da iƙamarsa a Jidda. Abin da ƙarfinmu ya kai mun yi: mun haɗa masu cigiya da waɗanda suka tsira zuwa Gadarif da Kasala, kuma dangin wasu mambobi a can sun sauki iyalai a gidajensu.

Wannan saɓani ne ya haifar da taron Oktoba, wanda ko shi kaɗai muka yi a bana ba mu yi asarar shekara ba. Shugaba ya ce tunda gardama ta ƙi ƙarewa a waya, wasu na cewa a tura soja nan, wasu na cewa a kori wancan can, gara a zauna ido da ido da wanda ya karanci abin. Muka kama istiraha, wato gidan taro na haya, a unguwar Harazat daren Juma'a. Ban taɓa ganin mutanenmu sun cika wuri haka ba: kujeru suka ƙare, matasa suka zauna a kan darduma har bakin ƙofa, ɓangaren mata ma sai da aka ƙara shimfiɗa. Sharaɗin shugaba biyu ne, ba zagin wata gwamnati, ba ɗaukar bidiyo, kuma an kiyaye.

Ɗan'uwanmu Dakta ya taso daga Riyad da kuɗin aljihunsa. Ya ce ƙasa ba ta shiga yaƙi don ranta ya ɓaci, ko don tana ganin ita ce mai gaskiya. Kafin ta ɗaura ɗamara sai ta tambayi kanta me za ta rasa in ba ta shiga ba, ko ƙarfinta zai kai ta ƙarshe, kuma wa zai riƙe wurin washegarin nasara. Iya ruwa fidda kai, in ji shi. Ya ɗauko Libiya. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 da sunan kare fararen hula, Najeriya ma tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Wata bakwai bayan haka aka kashe Gaddafi a Sirte, rumbunan makamai suka zama na mai rabo. A 2012 arewacin Mali ya suɓuce, Faransa ta shigo da sojoji a Janairun 2013, ta fita daga Mali a 2022, daga Nijar a ƙarshen 2023, wutar kuma ta riga ta kai Burkina Faso da Tillaberi. Obama da bakinsa ya ce a 2016 rashin shirya wa abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinsa. Iraƙi da Afghanistan a gurguje ya wuce su, don kowa ya san makaman da aka ce Saddam na da su a 2003 ba a same su ba, kuma bayan shekara ashirin Taliban ta koma Kabul a Agustan 2021.

Wurin ya yi tsit ne da ya iso Nijar, don nan ta shafi kowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ba sojoji mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Jihohi bakwai na Najeriya ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma ba gidan da ba shi da suruki ko kawu a ɗaya ɓangaren. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, malamai suka tafi Yamai, Sarki Sanusi ma ya gana da Janar Tchiani, Allah ya taƙaita. Dakta ya ce shi ba ya wanke juyin mulki, amma a duba abin da barazanar ta haifar: ranar 24 ga Fabrairun bana aka janye takunkumi Bazoum yana tsare, bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar tun 28 ga Janairu. An yi barazanar da ba za a iya cikawa ba, sai aka rasa kwarjini aka kuma rasa maƙwabta. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya tashi ya ba da labarin ƙanensa da motar albasarsa ta ruɓe a kan iyaka, har yanzu bashi yake biya. Wanda bai san komai ba shi ya ɗauki nauyin.

Taron bai zama na amin-amin ba, abin da ya fi burge ni ke nan. Baba tsohon soja, wanda ya yi aikin ECOMOG, rundunar ECOWAS, a Laberiya, ya miƙe da sandarsa ya ce, "Dakta, da an bi taka a 1990, da wa zai raba mutanen Monrovia da yanka? Da wa zai fitar da Jammeh a 2017?" Dakta ya ce, "Baba, gaskiyarka, ban ce a ajiye bindiga har abada ba." Ya bayyana cewa a Gambiya mutum ya faɗi zaɓe a fili, ƙasar ƙarama ce, sojojinta ba su tsaya masa ba, abin da ake nema kuma guda ɗaya ne sananne. Nijar kuwa ta fi murabba'in kilomita miliyan ɗaya. Baba ya gyaɗa kai, sannan ya juya wajen matasa ya ce ya binne abokai da hannunsa a can, saboda haka duk wanda zai kira yaƙi a waya ya fara tambayar ɗan wa za a tura. Wani matashi ya tambaya ko wannan ba tsoro ba ne aka sa wa riga. Dakta ya tuna masa Bakassi: kotun duniya ta ba Kamaru a 2002, Obasanjo da Biya suka sa hannu a 2006, aka kammala miƙawa a 2008. An sha zagi a lokacin, amma da Boko Haram ta taso, sojojin ƙasashen biyu tare suka tsaya a yankin Tafkin Chadi.

Tambayar da ta fi nauyi daga ɓangaren mata ta fito. Hajiya, wadda ta baro Khartoum ta jirgin ruwa daga Port Sudan, ta karɓi lasifika ta ce a nan Jidda sojojin Sudan da RSF suka sa hannu ranar 11 ga Mayun 2023 cewa za a kare fararen hula, ga shi sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, to ina amfanin zaman tebur? Muryarta na rawa, ba wanda ya motsa. Dakta bai yi mata alkawarin komai ba. Ya ce kame hannu bai tsaya ga ƙin tura soja ba, ya haɗa da daina tura makami da kuɗi ga masu faɗa, domin yaƙin da ake ciyarwa daga waje ba ya gajiya. Ni a ganina wannan ce maganar daren, kuma ita ce amsar masu cewa a ƙara shigo da wata ƙasa ta raba. Ya kuma nuna abin da muka gani da idonmu a ƙasar da muke zaune: sulhu da Katar a Al'ula a 2021, tsagaita wuta a Yaman a Afrilun 2022, maido da hulɗa da Iran a Beijing a Maris 2023. Masu aiki a filin jirgi da kewayen Harami sun shaida dawowar masu Umara daga Iran a bana.

Liman ne ya rufe. Ya tuna mana cewa Hudaibiyya tana nan Shumaisi, kan tsohuwar hanyar Makka da muke bi, inda a shekara ta 6 bayan Hijira Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi, kuma Alƙur'ani ya kira abin buɗi bayyananne. Ya karanto hadisin da ya hana fatan haɗuwa da abokan gaba, ya ce a roƙi Allah lafiya. Bayan addu'a aka ci tuwo da miyar kuka da kabsa, 'yan'uwanmu na Sudan suka gasa agashe. Na ga mutum biyu da suka daina gaisawa saboda gardamar Nijar suna cin kwano ɗaya. Godiya ta musamman ga iyayenmu mata da suka yi girki tun safe, da matasan da suka tsaya shara har bayan ƙarfe ɗaya na dare.

Kuɗin istiraha da abinci mutum kaɗan ne suka haɗa daga aljihunsu, asusu bai iya ɗauka ba. Alkawarin buga jawabin Dakta a ɗan littafi ma yana nan bai cika ba. Rubutun yana hannuna an gama gyarawa, kuɗin bugawa ne babu. Da yawa daga waɗanda suka cika wurin a daren ba mu sake ganinsu a zaman Nuwamba da na Disamba ba, kuma sun san kansu.

Saboda haka kwamiti ya yanke cewa ba sabon aiki a 2025 sai an farfaɗo da ajin yara an kuma buga littafin. Wanda ake bi bashi yana da zuwa ƙarshen Sha'aban ya biya, ko ya ga ma'aji a keɓe ya faɗi uzurinsa. Wanda bai yi ko ɗaya ba za a ɗauke sunansa daga rajista kamar yadda tsarinmu ya tanada. Muna kuma neman mutum biyu da za su karɓi aikin tattara kuɗin wata, ɗaya a Jidda ɗaya a Makka, su ba da sunansu kafin zama mai zuwa, Juma'ar farko ta wata bayan sallar isha'i, a inda aka saba.

Wassalam.
Sakatare