Ba kowace mantuwar tsoho ce gigin tsufa ba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi abin da ya faru a gidanmu, don na san ba mu kaɗai ba ne.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta haura shekara 70. Shekara da shekaru ita ce uwar adashin matan layinmu, kuma ba ta taɓa riƙe littafi ba. Zubin mata sama da ashirin duk a kanta yake: wadda ta kawo, wadda ta ce sai ranar kasuwa, wadda kwasarta ta zo. Bayan rasuwar Baba, tun ba ta fita takaba ba, muka fara ganin canji. Ta zuba gishiri sau biyu a miyar kuka. Ta karɓi zubin wata maƙwabciya da safe, da la'asar ta aiki jikanta ya je ya karɓo. In ka tambaye ta abu sai ta ce, "Ban sani ba, ku ƙyale ni." Abinci sai an matsa mata. Ƙarfe uku na dare za ka same ta zaune a bakin gado, carbi a hannu amma ba ta ja.

Duk wanda ya zo duba ta maganarsa ɗaya ce: gigin tsufa ne, sai haƙuri. Ni ma haka na ɗauka har wata takwas, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ɗiyar yayata, wadda ke aikin jinya, ita ta dage sai an kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Babban wanmu ya tashi da faɗa, wai Inna ba mahaukaciya ba ce. Da ƙyar ya yarda.

Likitan ya zauna da ita kusan awa guda. Ya faɗa mata kalmomi uku ya ce ta riƙe, ya tambaye ta rana da wata, ya tambayi barcinta da cin abincinta, sannan a hankali ya kawo zancen Baba. A nan ne Inna ta fashe da kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Ya ce mana abin da ya fi zato ciwon damuwa ne, ga hawan jini da ba a kula da shi, ga kunnenta ya yi nauyi. Rabin abin da muke cewa ta manta, ashe tun farko ba ta ji ba. Ya ce damuwa mai tsanani takan hana mutum tattara hankali, abin da hankali bai kama ba kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da abin ajiyewa. Mai damuwa yakan yi ƙorafin mantuwarsa da bakinsa, abin kuma yakan zo cikin ɗan lokaci. Mai cutar mantuwa ta ainihi sau da yawa bai ma san yana mantawa ba, tasa kuma a hankali take shigowa cikin shekaru. Ya ba da magani, ya ce kada mu sa ran ganin sauƙi kafin mako huɗu zuwa shida, kuma mu riƙa dawo da ita, don damuwar da ta kama mutum a tsufa takan zama share fagen cutar mantuwa a wasu. Cikin wata na uku Inna ta aika a kira mata matan adashi.

Na kuma ga ɗaya ɓangaren, don kada a ce ina cewa kowa zai warke. Goggona, yayar Baba, tata cutar Alzaima ce, wato wani nau'i na cutar mantuwa ta ainihi. Tana karanta Yasin da ka ba tuntuɓe, tana rera waƙoƙin niƙa na ƙuruciyarta, amma ba ta san ta ci tuwo minti goma da suka wuce ba. Da magariba takan ɗaure kayanta a zane ta ce za ta gida wurin mahaifiyarta, wadda ta rasu tun ba a haife ni ba. Na daɗe ina mamakin yadda tsohon abu ke tsayawa a kai, sabon kuma ya zube, sai da na karanta labarin wani Ba'amurke da aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya. An cire masa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas a ɓangarorin biyu. Ya rayu har 2008 yana tuna ƙuruciyarsa, amma in ka gaisa da shi ka fita ka dawo, sai ya karɓe ka kamar baƙo. Daga kansa masana suka gane cewa ta wannan sashen sabon abu ke shiga ma'ajiya, kuma yana cikin wuraren da Alzaima ke fara ci. Cutar ma sunan likitan Jamus ɗin da ya bayyana ta a 1906 ta ɗauka, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da ita. Ciwo ne a tsokar ƙwaƙwalwa. Ba sammu ba ne, ba maita ba. Na faɗi haka ne don na taɓa ganin yara sun biyo wata tsohuwa da ta ɓace hanya suna mata ihun mayya, manya suna tsaye suna kallo.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne akwai abin yi tun kafin a tsufa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya fitar da rahoto a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar mantuwa ana iya danganta tasu da abubuwa 14 da ake iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, shan taba, damuwa da zaman kaɗaici. A nan gida ma, tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Indiana suka bi tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indiyanafolis shekara da shekaru, suka ga yawan masu kamuwa a Ibadan bai kai rabin na can ba. Cikin dalilan da suka fi zato har da ƙarancin cututtukan jijiyoyin jini. Yanzu kuwa wane gida ne a Arewa babu mai hawan jini ko suga?

Edita, roƙona shi ne ku ware shafi, ko sau ɗaya a wata, ku gayyato likitocin asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware da Maiduguri su yi wa mutane wannan bayani da Hausa. Tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma a unguwarmu ban ga wanda ya san da ita ba. Ku kuma ji ta bakin matan da ke jinyar irin su Goggo, don mafi yawa ɗiya ce ko matar ɗa ke kwana a bakin ƙofa kada tsohuwa ta fice cikin dare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.

Daga wata malamar firamare, Funtuwa, Jihar Katsina.