Godiya ga waɗanda suka tuna da wuyan hannun ma'aikacin sito

Assalamu alaikum.

A aikinmu na sito, ƙorafi ne yawanci ke sa mutum ɗaukar biro. Yau kam godiya ce ta sa ni, kuma na fi so in yi ta a bainar jama'a: ga kamfanin Zebra da ya ƙera na'urar karanta lambar kaya mai suna TC8000, da kuma ofishin dillalin da ya kawo mana ita sitonmu da ke Sharaɗa, Kano.

Shekaru muka yi muna fama da na'urar karanta lambar kaya irin mai siffar bindiga. Ka saita ta kan lambar kwali, ka danna kunama, ta yi ƙara. Allonta kuwa sama yake kallo, don haka sai ka karkato hannu ka leƙa ko lambar ta shiga daidai, sannan ka mayar, ka nufi kwali na gaba. Wanda ke ofis zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. To, ya zo ranar da tirela biyu suka iso lokaci guda, ɗaya taliya ɗaya sabulu, ya yi wannan karkatawar tun hantsi har la'asar. Akwai dattijon da muke kira Baba, ya fi kowa daɗewa a wurin, kullum wuyan hannunsa na ɗaure da wani jan tsumma, aljihunsa ba ya rabo da man zafi. Ga batir da ke mutuwa ana tsakiyar lodi, na'ura ta ɗauke gaba ɗaya, sai an kunna an sake shiga, direba a waje yana ta danna oda kamar mu muka ƙera ta. Da muka kai kuka wurin waɗanda suka sayar mana, amsa ɗaya ce: a yi haƙuri, haka take. Daga baya ma wayarmu suka daina ɗauka.

Shi ya sa ranar da aka buɗe kwalin sababbin na tsaya ina juya ɗaya a hannu. Allon yana saman mariƙi yana kallon fuskarka, idon da ke karanta lamba yana bayansa yana kallon kaya. Ka saita, ka danna, ka gani, hannu bai motsa ba. Ashe tun 2016 aka fito da ita, mu ne labari bai iso wa ba. Kamfanin ya ce ta fi irin na da sauƙin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma tana ƙara yawan aiki da kashi 14 cikin 100. Nawa ma'aunin bai wuce wannan ba: motar da a da muke sallama bayan magariba, yanzu da sauran rana take fita. Batirin kuma a cikin mariƙi yake, ka zare ka sa wani, aikin da kake kai yana nan bai ɓace ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, lallai wani injiniya ya tsaya ya kalli hannun lebura yana aiki kafin ya zana ta.

Sai yaron da dillalin ya turo. Na ɗauka zai miƙa takarda a sa hannu ya kama gabansa, yadda aka saba. Ina! Ya naɗe hannun riga ya bi mu layi-layi cikin ƙurar hunturu. Baba ya ƙi taɓa na'urar, ya ce shi madannai ya sani, wannan ta shafe-shafe ta yara ce. Yaron ya jawo kwali ya zauna kusa da shi, ya ce, "Baba, ai ku kuka san sito, ni na'ura kawai na sani. Ku nuna mini yadda kuke karɓar kaya, in nuna muku inda za ku sa yatsa." Suna nan har aka kira azahar. Bayan mako ya dawo ba tare da an kira shi ba, wai ya zo ya ji ko da matsala.

Abin takaici, wannan ya kamata ya zama ruwan dare, amma ya zama abin rubuta wasiƙa. Kayan aikinmu duk a ofis mai sanyi ake zaɓensu, a duba farashi kawai. Safar hannu ta yage kwana uku, takalmi ya fi ƙarfin ƙafa, amalanke tayarta na kuka, ba wanda zai tambayi mai riƙe su. Masu sayarwa kuma da zarar kuɗi ya shiga, kun rabu ke nan.

Roƙona ga dillalin shi ne a riƙa ajiye batiran canji a nan Kano, kada sai an jira daga Legas. Baba ya ce in miƙa gaisuwarsa ga yaron nan. Jan tsumman yana nan a aljihunsa, da shi yake goge ƙurar allo.

Allah ya saka da alheri.

Naku,
Wani sitokifa, Sharaɗa, Kano