Kafin a zagi kamfanin intanet, a leƙa rauta

Ranka ya daɗe Edita, don Allah ɗan ba ni fili. Kwana uku intanet ɗin gidanmu na jan ƙafa, har na fara zagin kamfani ashe laifin namu ne. Na kashe rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, na daƙiƙa 30 na kunna, shiru. Sai na jona kwamfuta da kebul kai tsaye ta tashi garau, nan na gane ciwon daga Wi-Fi yake, ina shiga 192.168.1.1, wato adireshin shafin saitin rautarmu, wallahi sai ga wayoyin da ban sani ba cunkus a kan Wi-Fi ɗinmu, yara sun raba fasuwod! Na canja shi, na mai da na'urorin ɗakunan nesa kan layin Wi-Fi na 2.4GHz tunda ya fi ratsa bango, 5GHz kam sai kana kusa.

Naku, mai karatu a kullum.