A ba samari gadin kurmin bayan garinmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani kurmi da ke bayan ƙauyenmu a kudancin Kaduna.

Ni Musulmi ne, kuma ban taɓa sa ƙafa cikin kurmin nan ba, domin wurin al'adar kakannin maƙwabtanmu ne. Amma daga gindinsa idon ruwan da muke sha yake ɓuɓɓugowa, har a tsakiyar Maris lokacin da rijiyoyi suka ƙafe. Madaci da kiryar da ke ciki sun kai haka ne don an hana ɗaga musu gatari tun kaka da kakanni.

Bara da rani aka wayi gari an kayar da kirya uku, ga ramin gawayi yana hayaƙi. Kafin azahar wasu na cewa Hausawa ne, wasu na cewa Fulani ne. Da idona na ga yaran da na koyar a aji shida sun fito da gora da adda, gabana ya faɗi. Duk wanda ya ga rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa wuri, ya san inda irin wannan magana ke kaiwa.

Allah ya saka wa dagacinmu da alheri. Ya zaɓi samari shida, biyu daga coci, biyu daga masallaci, biyu daga ruga, ya ce su bi sawun tayar motar. Sai ga shi 'yan gawayi ne daga wani gari can daban. Tun ranar yaran nan ke zagaya kurmin tare duk Asabar, sun kuma dasa ɗorawa a kan iyakarsa. Yanzu ɗan ruga ne ke fara kiran ɗan coci a waya idan ya ji ƙarar inji.

Kurmin Osun a Osogbo, mai hekta 75, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Namu ba ya neman wannan. Ina kira ga ƙananan hukumomi da sarakunanmu su shata iyakar irin waɗannan kurama a rubuce, su ba samarin ɗan alawus, da tocila, da takalman ruwa, don har yau da silifas suke shiga ciyawa da damina.

Naka,
Malamin firamare, daga kudancin Kaduna