Masu sana'ar hannu, mu ji tsoron Allah a kan wayar wutar da muke miƙa wa yaran mutane

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ɗan sam min fili in yi magana da 'yan uwana masu sana'ar hannu, kafintoci da masu walda da masu sa tayil da 'yan almuniyom da duk wanda dai abincinsa ke fitowa daga injin da ake jonawa a wuta. Ni aikin wayarin nake yi, na haura shekara 20 a ciki a nan Kano, kuma abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi cikin daminar nan.

Muna aiki ne a wani gini da ake ƙarasawa, ni ina sama ina zura waya a fayif, masu tayil suna ƙasa a falo. Ka san yadda suke yi in za su yanka tayil, ɗaya na riƙe da giranda ɗaya na tsiyaya masa fiya wata a kan faifan don kar ya yi zafi kuma ƙura ta kwanta, toh ƙasan duk ta yi caɓa-caɓa da ruwan siminti. Wutar daga wani shago can tsallaken layi aka jawo ta, tafiyar ta kai mita 40, kuma ba waya ɗaya ba ce, guntaye ne har huɗu aka ƙulla, kowace mahaɗa an naɗe ta da ledar fiya wata, ɗaya ma ledar biredi ce. Kan wayar babu filogi, tsirara aka cusa ta a soket aka danne da tsinken ashana. Yaron da ke yankan ba zai wuce shekara 16 ba, ƙafarsa ba takalmi. Ya jawo wayar don ta iso lungun da yake, mahaɗa ɗaya ta faɗa cikin ruwan, sai ya kai hannu zai ɗaga ta. Ihu ɗaya muka ji. Kafin in sauko na hango shi ya sandare, hannun ya damƙe wayar ya kasa saki, don haka wutar take yi, tana ƙanƙame naman hannu ne sai mutum ya ƙara riƙe abin da ke cinsa. Abokin aikinsa ya zabura zai rungumo shi na daka masa tsawa, da ya taɓa shi su biyu za ta haɗa. Wani ya ruga shagon zai zare wayar amma ina, da nisa. Allah ne ya sa wani birkila na kusa da busasshen falanki, shi ya kaɗe wayar ta fita daga hannun yaron.

Ya rayu alhamdulillahi, tafin hannunsa ya ƙone, sai da ya kwana a asibiti. Amma abin da ya hana ni barci shi ne maganar ogansa da ya zo, wai tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa. Haba Malam Edita! Mun yarda da ƙaddara, babu musulmin da zai ja da wannan, amma ai Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Mutumin nan girandarsa sabuwa ce fil mai tsada, a kwalinta yake ajiye ta, yaro ya yar da ita ƙasa sai ya sha faɗa, amma wayar da za ta kai wa injin wuta a bola aka tsinto rabinta. Kuma ba shi ke riƙe injin ba, ɗan mutane ne da uwarsa ta kawo shi koyon sana'a ta ce ga amana nan.

Bari in ɗan yi bayanin da muke yi wa yaranmu a shago, don da yawa ba ganganci ba ne, rashin sani ne. Wutar gidajenmu bolt 230 ce in ta zo cikakkiya. Filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi akwai fiyus a cikinsa, mafi girmansa am 13 (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya), wato iyakarsa kamar wat 3000 ke nan (wat kuma ma'aunin yawan wutar da inji ke ci). Babbar giranda mai inci 9 tana cin wat 2000 zuwa sama, kusan am 10, kuma a daidai lokacin da aka kunna ta sai ta fizgi ninkin haka kafin ta daidaita. Ita kuwa siririyar wayar nan mai kaurin 0.75mm am 6 kawai aka yi ta ta ɗauka, 1mm am 10, sai ka kai 1.5mm sannan za ka ce ka shiga layin aikin inji. Toh ka ga wanda ya ɗauko ekistenshan ɗin cajin waya da talabijin, ɗan farin nan mai jan fitila da ake tallansa a baro, ya jona masa injin fere katako ko zarton lantarki, me yake jira in ba narkewa ba? Shi injin walda ma ba a maganarsa, ba abin ekistenshan ba ne kwata-kwata, layinsa daban ake ja masa da waya mai kauri da birekarsa.

Sai maganar nisa, wanda shi ne mutane ba sa ganewa sam. Duk tsawon da waya ta ƙara ƙarfin wutar raguwa yake a hanya. In ka ja 0.75mm mita 40 ka ɗora mata am 10, sama da bolt 20 sun zube kafin su iso injin, kuma ba ɓacewa suka yi ba, zafi suka koma a jikin wayar. Ga shi dama wutar da ake kawo mana sau da yawa ba ta cika ba. Sai ka ji kukan injin ya canza, yana nishi, oga na cewa yaro danna da ƙarfi, bayan sati biyu koyil ya ƙone a kai wa mai riwayin a ce ai injinan yanzu ba su da ƙwari. Wallahi sau da yawa ba laifin injin ba ne, yunwar wuta ce ta kashe shi. Kuɗin riwayin biyu ya isa ya sayi waya ta kirki. Ni shawarata kullum, in aikin kusa ne 1.5mm mai igiya uku, in ya wuce mita 25 zuwa 30 a nemi 2.5mm, kuma guda ɗaya miƙaƙƙiya ba ƙulle-ƙulle ba. In dole sai an haɗa biyu a haɗa da filogi da soket ɗinsa a ɗaga shi daga ƙasa, leda ba ta tare wuta ba ta tare ruwa, shi kansa baƙin tef ɗin, zafi da fizgar waya suna warware shi.

Kuma a kula da irin wayar da ake saya. Kasuwa ta cika da wadda aka rubuta 2.5 a jiki amma in ka fere robar ce mai kauri, cikin bai kai 1.5 ba, wata ma almuniyom ce aka shafa mata ruwan kofa, wato jan ƙarfe, a sama. Ka sa reza ka kankare silin, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu kayansu, ko ka kunna mata ashana za ka ga ta lanƙwashe ta zube, jan ƙarfe na gaskiya ba ya haka. Wannan fanni ne da kayan gida suka fi na waje, duk mai wayarin ya san wayar Nocaco ta Kaduna da Cutix da Coleman, da tsada kam amma ka sa ka yi barci.

Masu ekistenshan na gangar nan da ake naɗewa su ma ina da magana da su. In za ka ɗora masa inji mai nauyi ka warware shi duka ko da mita biyar kake buƙata. Waya a nannaɗe zafinta ba shi da hanyar fita, ciki ke dahuwa kana ganin waje lafiya lau. Ka duba jikin gangar, masu kyau sukan rubuta lamba biyu, abin da za ta ɗauka a naɗe da abin da za ta ɗauka a warware, za ka ga na naɗen sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. A shagon kafinta inda dusar katako da tina da fenti suke ko'ina, ai ba sai na faɗi abin da zai biyo baya ba.

Ƙafar nan ta uku ta filogi, doguwar ta sama, ba ado ba ce. Ita ce ta at, mai kai wuta ƙasa in waya ta taɓa jikin inji, a wayoyin yanzu ita ce mai launin kore da ruwan ɗorawa. Inji mai jikin ƙarfe in babu ita toh jikin mai riƙe da shi ne hanyar da wutar za ta bi. Amma kullum sai ka ga an karye ta ko an bar ta ba a jona komai ba, fiyus ya ƙone a naɗe shi da silin waya ko takardar taba mai ƙyalli a ci gaba da aiki, alhali ƙonewar da ya yi gaya maka yake akwai matsala. Sannan akwai na'urar da na so a ce kowane mai aikin gini yana da ita a jakarsa, wadda muke kira ELCB ko RCD, mai lamba 30mA a jiki. Ita ba jiran waya ta yi zafi take ba, da zarar wuta kaɗan ta zurare ta bi jikin mutum ko ruwa sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Bireka ta yau da kullum waya take karewa, wannan kuma mutum take karewa. Da akwai ta a farkon wayar nan ranar, da yaron nan firgita kawai zai yi. Kowane mai wayarin zai iya haɗa maka ita a ɗan akwati da soket biyu ka riƙa yawo da abinka.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu da wutarmu ba ta da tabbas, ana cikin yanka a ɗauke wuta, yaro ya ajiye giranda a ƙasa makunninta a danne ya tafi shan ruwa. Can a kawo wuta ko a tada janareta, sai injin ya tashi da kansa yana tsalle a tsakar ɗaki da faifai a bakinsa. In an ɗauke wuta a kashe inji a zare filogi, haka in za a canza faifai ko bakin diril, a zare tukuna, kashe makunni kaɗai bai isa ba.

In kuma abin ya riga ya faru, kar a taɓa mutum da hannu, a kashe wutar daga tushe ko a ture wayar da busasshen katako. In ba ya numfashi a fara danna masa ƙirji a nemi mota zuwa asibiti, don Allah a daina ɗura wa wanda ya suma madara, ba ta cire wuta daga jiki, shaƙe shi kawai za ta yi. Ko ya miƙe ya ce ya warke a kai shi a duba zuciyarsa. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa sai an katse wutar.

Ina kira ga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta ƙara matsa wa masu shigo da jabun waya, ita kuma NEMSA da aka ɗora wa duba ingancin aikin lantarki ta riƙa leƙa wuraren gini ba manyan ma'aikatu kaɗai ba. Amma gaskiya na fi sa rai da shugabannin ƙungiyoyinmu na kafintoci da masu walda da magina, su ne ake jin maganarsu, in suka ce daga yau duk wanda aka kama ya ba yaro waya mai ƙullin leda za a ci shi tara, cikin wata ɗaya za a ga canji. Kai ma mai gida da ake yi wa aiki kana da ta cewa, gidanka ne, in ka ga waya tsirara a soket ɗinka ka ce a tsaya.

Yaron ya dawo aiki makon jiya, yatsunsa biyu har yanzu ba sa lanƙwasuwa sosai. Na samu ogan nasa mun zauna, na haɗa masa mita 50 ta 2.5mm da filogi da akwatin RCD na ce ya biya a hankali, ya karɓa. Saura takalmin roba da na ce ya saya wa yaran, ya ce sai an biya shi kuɗin aikin nan, ina nan ina bibiyarsa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai aikin wayarin,
daga Kurna, Kano